Darasin da Baba Ya Cire

A cikin Birni, a lungun dukawa, akwai gidan Ɗanjuma baduku. Gida ne mai rufin asiri. Hatsi ba ya yankewa, kuma takalma da jakunkunan da ake ɗinkawa a zaurensa har daga barikin soja ake aikowa a saya. Matarsa Hajara, ɗansu guda Sha'ibu. Akwai kuma Mutari, ɗan ƙanen Ɗanjuma, wanda iyayensa suka rasu tun yana rarrafe, aka kawo shi gidan ya tashi tare da Sha'ibu. Ɗanjuma ba shi da ɗan da ke zama a kujerar biro, wato ofishin gwamnati. Sha'ibu ba shi da karatu. Mutari kuwa abu biyu ya rasa: sunansa, da wanda zai dafa kansa ya sa masa albarka.

Ga yadda sunan ya tafi. Shekarar da mai unguwa ya biyo gida-gida da dogari yana ɗaukar yara zuwa lakwal, wato makarantar boko, sunan Sha'ibu aka kira. A lokacin mutane na ganin duk yaron da ya shiga lakwal an yi asararsa. Ɗanjuma ya aika Sha'ibu Gaffati wurin dangin uwarsa aka ɓoye shi a rumbu, sannan ya kama hannun Mutari ya danƙa wa dogari, ya ce, "Ga Sha'ibu." Ba shi kaɗai ya yi haka ba, gidaje da yawa sun yi. Tun daga ranar, yaron yana amsa Sha'ibu Ɗanjuma a gaban mushe, wato malamin lakwal, yana amsa Mutari idan ya dawo gida.

Ya gama lakwal, aka wuce da shi kwaleji a Yamai. A shekarar 1959, gab da damina, ya dawo da akwatin ƙarfe, da kaki sabo, da labarin cewa an ba shi aikin mushen gona, wato malamin gona, a wani ƙauye gaba da Damagaram Takaya. A lokacin zancen mulkin kai ya cika gari. Turawa na shirin tashi daga kujeru, kuma waɗanda suka ɓoye 'ya'yansu a rumbu sun fara cizon yatsa.

Maƙwabta suka yi ta shigowa zaure suna cewa, "Mushe, barka da sauka." Sha'ibu yana gefe yana huda fata, bai ɗaga kai ba. Da mutane suka watse, Ɗanjuma ya ajiye basilla.

"Mutari, wa aka bai wa aikin nan?"

"Ni, Baba."

"Da wane suna?"

"Sha'ibu Ɗanjuma."

"To ga Sha'ibu Ɗanjuma nan zaune. Ni na raɗa masa sunan, ni na yanka ragon. Aro aka ba ka, kuma lokacin mayarwa ya yi. Can inda aka tura ka babu wanda ya san fuskarka. Shi zai tafi."

"Baba, aikin yana son karatu."

"Shi ya sa na zaunar da kai. Lissafa mini abin da suka koya muku. Mai amfani ka ba ɗan'uwanka kafin a yi shuka, marar amfani ka riƙe abinka."

Mutari ya dubi Sha'ibu ko zai ce wani abu. Sha'ibu ya ci gaba da huda fata.

"Akwai Faransanci."

"Wannan a bar shi a ciki. Amma na gaisuwa da na ba da umarni, ban da surutu."

"Akwai lissafi, da rubutu."

"A bar su a ciki. A koya masa ƙidaya da sa hannu. Sai me?"

"Tarihi."

"Na su wa?"

"Yawanci na sarakunan Faransa."

"Suna da rai?"

"Sun mutu."

"Allah ya ba magadansu haƙuri. Cire."

"Labarin ƙasa. Koguna da duwatsu da teku."

"Kogin da ba za ka sha ruwansa ba, me ya haɗa ka da sunansa? Cire."

"Sai darasin halittu da tsabta. Sauro, ƙuda, abin da ke rayuwa cikin ruwa, da yadda cuta ke shiga jikin mutum."

"Cuta daga Allah take. Cire."

"Baba, shi wannan ɗin yana da..."

"Na ce cire."

Da Mutari ya shiga cikin gida, Hajara ta miƙo masa fura, ta zauna kusa da shi ta yi masa magana a hankali. "Kada ka ga kamar an cuce ka. Shekara da shekaru kana kwana kan gadon gwamnati kana cin shinkafa, ɗan'uwanka na nan basilla na cin yatsunsa. Kai ka ci rabonka. Kuma ka sani, idan maganar sunan nan ta fita, babanku za a kai kaso da furfurarsa. Za ka so haka?"

"A'a, Inna."

"To. Na ɗan lokaci ne. Idan ya zauna da gindinsa, kai ma a nema maka wani abin."

Mutari ya yarda. Ba tsoron kaso kaɗai ba ne. Ya yi zaton idan ya ba da wannan, Baba zai dube shi yadda yake duban Sha'ibu.

Aka fara karatu a zaure bayan la'asar. Sha'ibu ba daƙiƙi ba ne. Hannun da ke fitar da ado a jikin fata ba tare da ya auna ba, ba hannun banza ba ne. Amma abin da aka tara cikin shekaru ba ya shiga kai cikin 'yan makonni, kuma duk kuskuren da ya yi a gaban ƙanensa yake yin sa. Wata rana Mutari ya rubuta masa sunan a saman allo don ya kwaikwaya. Sha'ibu ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya dubi nasa da ya karkace a ƙasa.

"Dubi," in ji shi. "Har sunana ya fi son hannunka."

"Sabo ne, Yaya. Ni ma da farko haka nake yi."

"Kada ka lallashe ni. Ni ba ɗan ajinka ba ne."

Ya goge duka biyun da tafin hannunsa.

Ruwan shuka ya sauka, Sha'ibu ya iya sa hannu da gaisuwa da 'yan kalmomin tsawa. Ɗanjuma ya ga wannan ba zai riƙe aiki ba, sai ya yanke wata shawara. Mutari zai bi shi a matsayin yaronsa. Hajara ta warware ɗinkin kakin ta ƙara masa faɗi, domin Sha'ibu ya fi jiki. Ranar tafiya Ɗanjuma ya dafa kan Sha'ibu ya yi masa addu'a mai tsawo. Mutari yana tsaye da akwati a ka. Da aka gama, Ɗanjuma ya juyo ya ce masa, "Kai kuma ka kula da kayan."

A ƙauyen aka ba su gida mai ɗaki guda da rumfa, bayansa tabki. Aikin mushen gona shi ne ya zaga gonaki ya auna, ya duba irin gyaɗa, ya duba gwangwanin awon ruwan sama, ya aika rahoto duk wata. Babban ma'aikaci ba ya zuwa sai jefi-jefi, kuma idan ya zo bai cika sauka daga mota ba. Sha'ibu ke hawa keke mutane na cewa, "Sannu, Mushe." Mutari ke bin sa a ƙasa da igiyar awo a kafaɗa. Idan sun dawo, Mutari ya shiga ɗaki ya rubuta, Sha'ibu ya sa hannu.

Rijiyar garin tana da nisa kuma ruwanta da zartsi, don haka da damina kowa tabki yake sha. Tun ranar farko Mutari ya lura da yawan masu ɗingishi, da dattawa zaune a inuwa ƙafa ɗaure da tsumma a lokacin da ya kamata suna gona. Ya yago ƙyalle daga tsohuwar farar rigarsa, ya wanke, ya ɗaura a bakin tulu, ya tace ruwa. Ya kawo wa Sha'ibu a kwanon sha.

"Me ya sa ruwan ya daɗe?"

"Tacewa na yi, Yaya. Garin nan akwai kurkunu, tsutsar da ke fitowa a ƙafa. A ruwa take, cikin wasu 'yan ƙwari ƙanana. Idan aka tace ba sa wucewa."

Sha'ibu ya riƙe kwanon bai sha ba. "Wannan daga wane darasi ne?"

"Halittu da tsabta."

"Ba shi Baba ya ce a cire ba?"

"Shi ne, amma..."

"To riƙe abinka."

Ya zubar da ruwan a ƙasa, ya tashi ya kamfato daga tulun da ba a tace ba, ya shanye yana kallon Mutari. Daga ranar ya hana a ɗaura ƙyalle a tulunsa. Idan baƙi suka zo, yakan nuna musu tulun Mutari ya ce, "Yarona Bature ne, ruwan talakawa ba ya wuce maƙogwaronsa." Su yi dariya.

Delu, maƙwabciyarsu da ke dafa musu tuwo, ba ta yi dariya ba. Mijinta ya yi damina biyu a kwance, gonarsu ta cika da ciyawa. Ta tambayi Mutari abin da yake yi. Ya ɗebo ruwan tabki a kwalba, ya ɗaga ta wajen rana, ya ce ta zuba ido sosai. Can ta ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo suna zillo cikin ruwan.

"Yanzu waɗannan muke sha, ɗan nan?"

"Su ne, Inna Delu. Idan mai kurkunu ya sa ƙafa a tabki, sai ta zuba 'ya'yanta, waɗannan su haɗiye, mu kuma mu haɗiye su. Ba za ta fito ba sai damina ta zagayo."

Delu ta yanki gefen mayafinta ta ɗaura a tulunta. Wasu mata suka bi ta, wasu suka ce wahala ce. Yara suka sa wa Mutari suna Mai Ƙyalle. A hankali maza ma suka gane inda amsa take. Mutum zai gaida Mushe da ladabi, sannan ya zagaya bayan rumfa ya tambayi Mai Ƙyalle me ya sa ganyen gyaɗarsa ke yin rawaya.

Sha'ibu yana ganin duk wannan. Ya fara da hana Mutari magana idan da mutane. Sannan ya karɓe takalmansa, ya ce yaron gida da takalmi raini ne. Ya daina cin abinci kwano ɗaya da shi, sai ya ci ya rage. Ya daina kiransa Mutari a gaban jama'a, sai "boyi". Mutari ya yi ta haƙuri yana tuna cewa na ɗan lokaci ne.

Bayan girbi, wata rana a bakin masussuka, wani dattijo mai barkwanci ya ce, "Mushe, ka riƙe yaron nan da kyau. Idan ya gudu, gwangwanin ruwan saman ma ba zai gane ka ba." Aka yi dariya, Sha'ibu ma ya yi. Da suka koma gida ya ninka igiyar awo biyu ya zane Mutari da ita har ya gaji. Sannan ya zauna a bakin ƙofa yana haki.

"Ka san abin da na gani a Gaffati?" in ji shi. "Duhun rumbu. Ina jin ɓeraye, ina kuka, ana cewa in yi shiru gata ake yi mini. Kai kuma ka ga Yamai, ka ga kogi, ka san sunan duk abin da ke motsi. Da sunana ka je. Kowane abu da ke kanka nawa ne."

"Ni ban zaɓa ba, Yaya."

"Ni ma ban zaɓa ba. Amma kai ka dawo da kaya."

Da Mutari ya iya tashi, ya shiga ya rubuta rahoton wata, domin ranar aikawa ta zo.

Damina ta zagayo, ta shekarar mulkin kai. Wata safiya Sha'ibu ya tashi da ƙuna a idon sawu, wurin ya yi bororo, ya fashe, farin zare ya leƙo. Kafin a jima wata ta fito a gwiwa, wata a bayan ɗayar ƙafar. Zazzaɓi ya kwantar da shi. Mutari ke tafasa ruwa yana wanke gyambon, yana naɗe tsutsar a ɗan tsinke kaɗan-kaɗan kullum don kada ta tsinke a ciki. Shi ke ɗaukarsa zuwa bayan gida. Shi ke zaga gonaki, idan an tambaya ya ce Mushe ne ya aiko shi.

Aka aiko cewa duk ma'aikata su hallara a Damagaram Takaya ranar bikin mulkin kai, an tanadar musu kujeru a gaba. Sha'ibu ya sa aka wanke kakin aka rataye. Ranar ta zo bai iya ko tsayawa ba. Mutanen gari suka wuce ta ƙofarsu da ganguna, shi yana kwance a rumfa. Bai kalli hanya ba. Ƙafafun Mutari ya yi ta kallo suna kai da kawo a tsakar gida, babu takalmi, duk faso, amma babu gyambo ko ɗaya. Da yamma ya sa aka aika Birni.

Ɗanjuma da Hajara suka iso da hantsi a bayan motar gyaɗa. Hajara ta ga ɗanta ya rame, ta zauna ta riƙe kansa tana hawaye. Ɗanjuma bai zauna ba. Ya dubi ƙafafun Sha'ibu, ya dubi na Mutari.

"Gida ɗaya kuke," in ji Hajara, "tukunya ɗaya, tabki ɗaya. Ta fito masa wuri uku, kai ko ƙurji. Ka faɗa mana gaskiya, me ka yi masa?"

Mutari ya je ya kwance ƙyallen daga bakin tulunsa ya kawo. Ya yi musu bayani a tsanake, yadda ya yi wa Delu.

"Ashe ka san maganin," in ji Ɗanjuma. "Ka sani ka ɓoye wa ɗan'uwanka."

"Ban ɓoye ba, Baba. Na ba shi ya zubar. Kuma tun a zaure na faɗa, ka ce a cire."

"Ni kake mayar wa magana?"

"Tsumma ba ya hana cuta," in ji Hajara. "Wani abu aka yi a jikinsa. Wa ya san abin da suke koya musu a can? Tun ranar da aka karɓi aikin nan nake ganin baƙin ciki a idon yaron nan."

Delu tana bakin darni tana ji. Ta matso ta gaishe su, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri in sa baki. Ni ma ina da irin tsumman. Bana a gidana babu wanda ta kama, mijina yana gona yanzu haka. Yaron nan kuwa shi ke ɗaukar ɗanku a baya."

"Baiwar Allah, mun gode da tuwo," in ji Ɗanjuma. "Wannan maganar gida ce."

Delu ta ja da baya, amma ba ta tafi ba.

Ɗanjuma ya karɓi ƙyallen da yatsu biyu ya jefa a murhu. Ya ɗauki ƙwarya ya zagaya bayan gida da kansa. Suna hangensa ya tsuguna a mashigar tabki, daidai inda masu gyambo ke tsoma ƙafa don su ji sanyi, ya kamfato. Ya dawo ya miƙa wa Mutari.

"Ni ban iya dogon zance ba. Idan zuciyarka ɗaya da ɗan'uwanka, sha abin da ya sha. Idan ka fi ƙarfin ruwan da ɗana ya sha, to ka fi ƙarfin gidana. Ga hanya."

Mutari ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Rana ta faɗo cikin ruwan, ya ga 'yan ɗigon suna zillo. Ya san sunansu da Faransanci. Ya tuna ranar da mushensu ya ɗora ɗaya a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, suka yi layi suna leƙawa. Ya dubi hanyar da aka nuna masa. A wajen gidan nan babu wani Mutari da ya taɓa shiga aji, kuma babu wani dangi da zai ce nasa ne.

"Kada ka sha, ɗan nan," in ji Delu a hankali.

Ya kafa kai ya sha. Ɗanjuma bai karɓi ƙwaryar ba sai da ta ƙare.

Daga nan fuskar tsohon ta saki. Ya ɗora tafin hannunsa a kan Mutari, ya bar shi a wurin. "Allah ya yi maka albarka, ɗana," in ji shi. "Yanzu na san kai namu ne."

Hajara ta share hawaye, ta kwance ƙunshin kilishin da ta kawo wa Sha'ibu, ta yago babban yanki ta ba Mutari. Sha'ibu ya muskuta ya ja jiki gefe guda a kan tabarma, ya buga wurin da ya bari da hannu.

"Zauna mana, ƙanena. Ka daɗe a tsaye."

Da suka koma Birni, Ɗanjuma ya ba dukawa labari a zaure cewa 'yar rashin jituwa ce ta shiga tsakanin yaran, ya je ya gyara. Aka yaba masa, aka ce haka ake son uba. Babu wanda ya tambayi yadda aka yi gyaran. Delu kaɗai ce ta aiko wa Mutari sabon ƙyalle a ƙarƙashin kwanon tuwo, ta yanko daga zanenta mai kyau. Ya ɗaura a tulu, domin wanda ya sha sau ɗaya bai kamata ya ƙara ba. Sha'ibu ya gani, wannan karon bai hana ba. Ya san lissafin da Mutari ya sani: abin da ya sha a ƙwaryar nan zai fito masa damina mai zuwa.

Mutari ya ci gaba da naɗe tsutsar yayansa a tsinke, yana duba nasa idon sawun kowace safiya ko da yake ya san da saura. Albarkar da ya jira tun yana ƙarami ta zo, ya ji nauyin hannun a kansa, kuma ya san da me ya saye ta. Ya gane cewa darasin da Baba ya cire shi ne wanda ya fi duka amfani, kuma ya gane cewa a gidan nan ba za a so shi ba sai ranar da ya daina fin Sha'ibu da komai, har da lafiya.